Kekunan Ɗinki Takwas da Takarda Ɗaya: Yadda Wata Makarantarmu a Agege Ta Samu Izinin Koyar da Sana'a

Makarantar da zan yi magana a kanta tana cikin Agege, a wani lungu da bai yi nisa da layin dogo ba. Ba zan ambaci sunanta ba, domin akwai kurakuran da muka tafka tare a cikin wannan labari, kuma ba na so a jingina su ga mutum ɗaya. Da Islamiyyar yamma ta fara. Da iyaye suka matsa aka buɗe firamare, daga baya aka ƙara ƙaramar sakandare, sannan babba. Yawancin ɗalibanta 'ya'yan Hausawan da aka haifa a Legas ne: 'ya'yan mahauta da 'yan kara na Oko-Oba, 'ya'yan masu kayan gwari a Mile 12, 'ya'yan 'yan canji da direbobin manyan motoci. Ni aka naɗa sakataren kwamitin neman izinin koyar da sana'a, saboda haka duk takardun ta hannuna suka bi, har da waɗanda aka dawo mana da su.

Abin da ya tayar da maganar shi ne kujerun da ke zama wayam. A kowace shekara ajin JSS3 cike yake maƙil, amma idan aka dawo hutu aka shiga SS1 sai ka ga benci guda da ɗalibi ɗaya. Maza sun bi iyayensu kasuwa, wasu sun tafi koyon gyaran waya a Computer Village da ke Ikeja. Kafin gwamnatin jiha ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi da dama a 2022, wasu babur suke hawa. Mata kuwa a gida ake ajiye su, ko a mayar da su Arewa wajen kakanni. Na taɓa bin wani uba har rumfarsa don in ji dalilin cire ɗansa, yaro mai ƙwaƙwalwa ƙwarai. Yana ɗaure buhu ya ce mini: "Malam, ba ƙin karatu nake yi ba. Shekara uku zan ƙara biya, ya fito da takarda, hannunsa bai iya komai ba. Wansa ga shi can da takardar, ni nake ba shi kuɗin kati." Ban sami abin ce masa ba, domin gaskiya ya faɗa.

Abin da ya fi damuna shi ne, a rubuce makarantarmu tana koyar da sana'a tun tuni. Tun 2011 hukumar tsara manhaja ta ƙasa, NERDC, ta shigo da darussan sana'a 34 cikin manhajar babbar sakandare, ta kuma wajabta wa kowane ɗalibi ya ɗauki ɗaya, kamar yadda Turanci da lissafi da ilimin zama ɗan ƙasa suka wajaba. A 2014 aka fara rubuta su a jarrabawar WAEC. A cikinsu akwai walda, aikin famfo, kafinta, haɗa wutar gida, gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki, kiwon kifi, rini, aikin fata, girki, ɗaukar hoto, ɗinki da gyaran waya. Akwai kuma waɗanda allo da alli sun ishe su, irin darasin tallata haja. Shi muka zaɓa, kamar yadda makarantu masu yawa suka yi, don ba ya cin ko kwabo na kayan aiki. Ka duba fa: yaran da suka buɗe ido a kasuwa, waɗanda tun suna shekara goma sun san yadda ake taya kaya da yadda ake sallamawa, su muke zaunarwa muna karanta musu ma'anar kasuwa daga littafi. Suna cin jarrabawar, amma ba ta ƙara musu komai ba.

Wannan ciwo ya girme mu. Lokacin da aka fara tsarin 6-3-3-4 a 1982, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a, manufar ita ce yaro ya taɓa ƙarfe da katako tun a ƙaramar sakandare. Gwamnati ta sayo injuna daga ƙasashen waje, ciki har da na gabashin Turai, aka rarraba wa makarantu. Da yawansu a cikin akwatunansu suka yi tsatsa, saboda babu ɗakin da za a kafa su, babu wuta, babu malamin da ya san kansu. Duk wanda ya yi sakandaren gwamnati a shekarun nan ya san ɗakin da ake kullewa da kwaɗo, ana leƙen injuna ta taga. Da na san wannan tarihi yadda ya kamata tun farko, da na gane cewa tarkon da ya kama gwamnati shi ne ke jiranmu.

Ƙofofi uku da muka ɗauka ɗaya ce

A zaman farko, Alhaji mai makarantar ya zo da babban buri. So yake a sauya allon ƙofa a rubuta kwalejin fasaha, a koyar da walda da wutar lantarki da gyaran mota gaba ɗaya. Muka rubuta wasiƙa doguwa, na saka ta a fayil na nufi Alausa, inda ofishin tabbatar da ingancin ilimi na jihar Legas yake, wanda shi ke ba makarantu masu zaman kansu izinin aiki kuma yake duba su. Wata jami'a ta karanta wasiƙar har ƙarshe, sannan ta tambaye ni wanne daga cikin abubuwa uku muke nema. Na yi shiru, don ni abu ɗaya na sani. Allah ya saka mata da alheri, ta jawo takarda ta zana mini.

Na farko izinin makarantar kanta ne, wanda jiha ke bayarwa bayan an duba suna, fili, gini, ban-ɗakuna da malamai. Wannan muna da shi, abin da ya rage mana shi ne mu kiyaye sharuɗɗansa, kuma kada mu mayar da wani sashe na ginin wani abu daban ba tare da an sani ba. Na biyu shi ne ƙarin darasi a makarantar da tuni hukumar jarrabawa ta amince da ita. Samun lambar cibiya daga WAEC ko NECO ba ya nufin ka shigar da ɗalibai kowane darasi ka ga dama. Darasin da ke da gwajin aikin hannu sai an zo an ga ɗakin aikin da kayan da malamin. Na uku shi ne zama kwalejin fasaha sosai. Wannan wata hanya ce daban: ɗalibi yana shiga bayan JSS3, ya yi shekara uku yana bin manhajar hukumar ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, mai hedikwata a Kaduna, wadda aka kafa a 1977, ya rubuta jarrabawar hukumar NABTEB, mai shirya jarrabawar fasaha da kasuwanci, mai hedikwata a Benin, ya fito da takardar NTC idan fannin fasaha ya yi, ko NBC idan na kasuwanci ne. A Legas gwamnatin jiha tana da irin waɗannan kwalejoji guda biyar, a Agidingbi, Ikotun, Ikorodu, Epe da Ado-Soba, ƙarƙashin hukumar ilimin fasaha da sana'a ta jihar, LASTVEB.

Na ɗauki rana guda na je ɗaya daga cikinsu don in gani da idona. Ɗakin walda kaɗai ya kusa girman farfajiyar makarantarmu duka. Da na dawo na ce wa Alhaji: "Ranka ya daɗe, ƙofa ta uku ba tamu ba ce yanzu. Filin da muke kai na haya ne, kuma ko an ba mu injunan kyauta ba mu da inda za mu ajiye su." Bai ji daɗi ba, amma mutum ne mai karɓar gaskiya. Muka tsaya a kan ƙofa ta biyu.

Sai gardamar wace sana'a. Matasan malamai suka dage a kan gyaran waya, hujjarsu kuwa mai ƙarfi ce, tunda Ikeja na nan kusa kuma yaranmu can suke gudu. Wasu suka ce haɗa wutar gida. Ana cikin haka Hajiya, shugabar iyaye mata, wadda tun da aka fara zaman ba ta ce uffan ba, ta gyara mayafi ta ce: "Malamai, duk abin da kuka lissafa na maza ne. Namiji ko kun koya masa ko ba ku koya masa ba, zai fita ya nema. Yarinya idan ta bar nan, ɗaki za ta shiga. Ku ba mu abin da uba zai ji ya bar 'yarsa ta ƙara shekara uku." Nan take zancen ya koma kan ɗinki. Ya kuma dace da mu ta wata fuskar: a wajen Bahaushe tela namiji ba baƙon abu ba ne, masu ɗinkin kaftani da babbar riga maza ne, don haka darasi ɗaya zai ɗauki maza da mata. Ga shi keken ƙafa ba ya jiran wuta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a lokacin, domin an cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuma janaretan makarantar sai ranar jarrabawa ake tayar da shi.

Ranar kayan aro

A nan ne muka yi kuskuren da ya ci mana shekara guda, kuma da hannuna a ciki.

Mun cike takardu, mun biya abin da ake biya, aka sa mana ranar zuwa dubawa. Kekuna biyu kacal muke da su, tsofaffi, da wata baiwar Allah ta ba da sadaka. Sai wani mutum da ke yawo tsakanin makarantu yana kiran kansa mai taimakawa wajen neman izini ya ce mana wannan ba abin damuwa ba ne, kowa haka yake yi: a yi hayar kaya na kwana biyu, a jera, masu dubawa su gani su tafi, daga baya a saya a hankali. Ya karɓi kuɗinsa. Da daddare aka kwaso kekuna daga shagunan teloli na unguwa a cikin Keke Napep, aka kwashe bencina daga wani aji, aka jera su, aka liƙa takarda a ƙofa. Zuciyata ba ta kwanta ba, amma ban hana ba. Na gaya wa kaina cewa niyyarmu mai kyau ce, kayan ma ai za mu saya.

Mutum biyu suka zo, mace da namiji. Matar ba ta fara da takardunmu ba. Ta nufi keke na uku ta zauna, ta ɗora ƙafa ta juya shi, ta saurari ƙararsa. Ta zuge murfin ƙasa ta ciro ƙoshiyar zare, sai ga zare ruwan gwal irin na aikin wuyan riga a naɗe. Ta duba ƙasan teburin, inda wani tela ya rubuta lambar wayarsa da fenti. Ba ta ce komai ba. Ta sa aka kira ɗaliba ɗaya daga cikin waɗanda muka ce suna darasin, ta miƙa mata zare ta ce ta zura wa keken. Yarinyar ta riƙe zaren tana kallon keken, tana kallona. Har yau ina ganin idon yarinyar nan. Mu manya ne muka shirya abin, ita muka bari da jin kunyar.

Daga nan matar ta nemi abubuwa huɗu: tsarin darasi na zango-zango, littafin shirin darasi na malami, rajistar makin gwaje-gwajen ɗalibai, da ayyukan da ɗaliban suka ɗinka da hannunsu. Ba mu da ko ɗaya. Ta tambayi malamin darasin, muka nuna malamar da ke koyar da kimiyyar halittu, wadda ta ɗan iya ɗinki a gida. Da za su tafi ta ce wa shugaban makaranta, cikin ladabi, ba ta zo ƙirga kekuna ba, ta zo ganin ko ana koyarwa. Hajiya da ta ji labari abin da ta ce shi ne kayan aro ba ya rufe katara. Mutumin da ya karɓi kuɗinmu kuwa ya daina ɗaga waya.

Asarar ta wuce ta kuɗi. WAEC tana karɓar makin gwajin cikin aji na ɗalibi tun daga SS1 har SS3, darasi-darasi. Ma'ana, ba a tsoma ɗalibi cikin sabon darasi a tsakiyar hanya a ce ya rubuta shi a ƙarshe. 'Yan ajin da muka yi wa alkawari haka suka ci gaba da darasin tallata haja, kuma biyu daga cikin 'yan matan da iyayensu suka bari saboda alkawarin ɗinki ba su dawo zango na biyu ba. Na je gidan ɗaya, mahaifiyarta ta karɓe ni da mutunci, ta kawo ruwa, ta ce an riga an sa rana.

Malami: mai hannu ko mai takarda

Da muka zauna don sake shiri, mun ɗauka kuɗin kaya ne babbar matsala. Ashe wannan ce mai sauƙi. Alhazan kara da na kasuwa suka haɗa gudummawa bayan sallar Juma'a, muka sayi kekunan ƙafa shida sababbi a kan biyun da muke da su, da babban teburin yanka, almakasai, tef ɗin awo, allin tela, dutsen guga, madubi mai tsayi da gunkin gwada riga. Kowane abu da rasit ɗinsa da sunan makaranta, aka buga wa kowane keke lamba, aka shigar a littafin kaya. Muka fasa bangon da ke tsakanin sito da wani ƙaramin ɗaki bayan mai gidan ya yarda a rubuce kuma mun sanar da hukuma, aka ƙara taga biyu saboda haske da iska, aka rataye abin kashe gobara da akwatin taimakon gaggawa. Duk wannan bai fi wata biyu ba.

Malami ne ya kusa gagarar mu, kuma ina ganin duk makarantar da ta shiga wannan hanya a nan za ta fi shan wuya.

A unguwarmu akwai tela da ya haura shekara ashirin yana aiki, ya yaye yara da yawa, manyan mutane daga Ikeja suke aiko masa da shadda. Idan ya kalli mutum sau ɗaya ya san inda kafaɗarsa ta sauka. Amma karatunsa na allo ne, ba shi da takardar boko ko ɗaya. A dokar ƙasar nan mafi ƙarancin shaidar koyarwa ita ce NCE, kuma ana son malami ya yi rajista da hukumar rajistar malamai, TRCN. Masu dubawa ba za su rubuta sunansa a matsayin malamin darasi ba, ko da ya fi kowa iyawa. A ɗaya gefen kuma muka sami wata matashiya Bayarabiya da ta yi NCE a fannin tattalin gida a kwalejin horar da malaman fasaha ta tarayya da ke Akoka. Ta san manhaja ciki da waje, ta san yadda ake zana fasalin riga a takarda da ma'auni, ta san abin da ake tambaya a jarrabawa. Amma ita da kanta ta gaya mana ba ta taɓa ɗinka kaftani ba, kuma saurinta a keke bai kai na yaron shago ba.

Wasu a kwamiti suka ce a ɗauki mai takarda kawai, tunda izini muke nema. Na ƙi, Hajiya ma ta ƙi. Idan muka yi haka mun koma gidan jiya: takarda ta cika, hannu babu komai, uban nan mai ɗaure buhu ya sake yin gaskiya. Muka yanke a ɗauki su biyun. Ita ce malamar darasi a rubuce kuma a aikace, ita ke da tsari da maki da rajista. Shi kuma mai horarwa a ɗakin aiki, yana zuwa kwana biyu a mako. Muka kuma taimaka masa ya nemi takardar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, wadda ake hawa daga mataki na uku zuwa na biyu zuwa na ɗaya, don shi ma ya riƙe wata shaida a hannunsa.

Shawo kansa bai zo da sauƙi ba. Sau uku ina zuwa shagonsa. Ya ce: "Malam, ni yaro idan ya zo wurina, wata shida yana guga da sa maɓalli kafin ya taɓa almakashi. Ku kuna so a yi komai da ƙararrawa." Na ce: "Maigida, yaran nan ko ba ka zo ba za a koya musu. Gara su koya daga hannun da ya iya." Ya daɗe yana juya zare a yatsa kafin ya ce zai gwada zango ɗaya.

Makonnin farko sun yi zafi tsakaninsu. Na shiga ɗakin wata Talata na tarar an tsaya cirko-cirko. Malamar ta shimfiɗa takarda mai ruwan ƙasa, ta sa yara suna raba awon ƙirji gida huɗu, suna ƙara abin da za a bari na ɗinki, suna ja da rula. Shi kuwa ya ɗauki yadi ya ninka, ya ja layi uku da alli, ya sa almakashi, kafin a ƙifta ido ga gaban riga. Yara suka yi ta tafi, ran malamar ya ɓaci. Ya ce takarda ɓata lokaci ce. Ta ce a jarrabawa za a ba yaro awo a ce ya zana, kuma idon da ya yi shekara ashirin yana kallo ba a zuba wa yaro shi a cikin wata uku. Maimakon a ci gaba da musu, sai ta ɗauki abin da ya yanka ta ɗora a kan zanen da ta yi. Suka hau juna, sai ɗan bambanci a hammata, inda shi ya zurfafa. Ta tambaye shi dalili. Ya ce mai kaftani yana ɗaga hannu a sallah, idan ba a sake wurin ba rigar za ta ɗage. Ta ɗauki biro ta rubuta a gefen littafinta. Tun daga ranar ya fara ce mata Malama da gaske, ita kuma tana ce masa Baba. Yanzu yara suna fara zanawa a takarda, sannan ya nuna musu inda hannu ke gyara abin da rula ba ta gani.

Akwai kuma rigimar jadawali, wadda ba mu hango ba sam. Darasi na minti arba'in bai isa a buɗe keke, a zura zare, a yi ɗinki, a share a rufe ba. Sai da muka haɗa darasi biyu a jere sau biyu a mako, abin da ya sa malamin lissafi da na Turanci suka yi ta ƙorafi, kowa yana kare sa'o'insa. Yamma ba ta taɓuwa saboda Islamiyya, Juma'a kuma rabin rana ce. Kekuna takwas ba sa isar aji guda, don haka aka raba su rukuni: wasu a teburin yanka, wasu a ɗinkin hannu, wasu a keke, ana juyawa. Maza a layin taga, mata a layin ƙofa, kamar yadda iyaye suka nema.

Ba mu sake neman a zo dubawa ba sai da sabon ajin SS1 ya yi zango biyu cur yana aiki. Wannan karon babu abin da aka jera don baƙi. Suka tarar da ƙyallaye a ƙasa, da fayil na kowane ɗalibi mai ɗauke da samfurin ɗinkinsa tun daga karkataccen layin farko har zuwa aljihu da wuyan riga, kowanne da kwanan wata da maki da sa hannun malama. Aka ce wani yaro ya sauya allurar da ta karye, ya sauya. Suka yi gyara biyu: a ɗaga wayar dutsen guga daga inda ake takawa, kuma a ƙara littattafan darasin a ɗakin karatu. Muka gyara, muka aika da hotuna da wasiƙa. Bayan wasu makonni takardar amincewa ta fito. Shafi ɗaya ce.

Inda aka kwana

A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da sabuwar manhaja, ta rage darussan sana'a zuwa shida: haɗa sola da gyaranta, ɗinki da tsara tufafi, kiwon dabbobi, kwalliya da gyaran jiki, gyaran kwamfuta da waya, da noman lambu da amfanin gona. Ɗinki ya tsira, darasin da muka shekara da shekaru muna fakewa da shi kuwa ba ya cikin shidan. Da mun tsaya inda muke, da yanzu ne za mu fara gudun da muka riga muka yi. A ganina ragewar ta yi daidai, domin ta toshe hanyar cika takarda da darasin allo. Amma tana da nauyi a kan ƙananan makarantu irin namu, waɗanda kuɗin makarantarsu bai taka kara ya karya ba, kuma duk cikin shidan babu wanda za a koyar ba tare da kaya da ƙwararren hannu ba. Ina fata masu tsara manufa su buɗe wata hanya sananniya da gwanayen kasuwa za su riƙa shiga aji da matsayinsu, ba a ɓoye a bayan sunan wani ba. Legas cike take da su, daga kasuwar kayan mota ta Ladipo zuwa ta kayan lantarki ta Alaba.

A makarantarmu, ajin SS1 na bana bai zube kamar na da ba, kuma 'yan mata ne suka fi tsayawa. Ba zan ce ɗinki kaɗai ya jawo haka ba, amma iyaye mata da kansu suke ambatarsa idan sun zo biyan kuɗi. 'Yan ajin farko ba su kai ga jarrabawar ƙarshe ba tukuna, saboda haka ba ni da sakamakon da zan nuna. Abin da nake da shi shi ne kayan makarantar 'yan firamare, wanda a da ake ba wani ɗan kwangila, yanzu 'yan SS2 ke ɗinka rabinsa, kuɗin kuma yana komawa sayen zare da yadin gwaji da man keke.

Matsaloli biyu suna nan ba mu warware ba. Abin da muke biyan Baba tela bai kai abin da yake samu a shago ba, kuma daga tsakiyar azumi zuwa sallah ba ya iya barin shagonsa ko na awa ɗaya. Bara mun yi mako uku babu shi. Bana mun matsar da aikin keke zuwa farkon zango, muka bar zane da darasin allo ga Malama a lokacin da ba ya nan, za mu ga yadda za ta kaya. Ta biyu ita ce maza. Kaɗan ne suka ɗauki ɗinki da zuciya ɗaya, sauran idonsu na kan waya da sola, kuma har yanzu muna rasa wasu zuwa Ikeja bayan JSS3.

Kwamiti ya amince a nemi izinin gyaran waya da kwamfuta a matsayin darasi na biyu. Mun ware ɗaki, an yi wayarin, mun sami wani tsohon ɗalibinmu da ke da shago a Computer Village wanda ya yarda ya riƙa zuwa ranar Laraba. Malami mai takarda a fannin lantarki muke nema har yanzu. Biyu sun zo, da suka ji albashin ba su dawo ba. Alhaji ya tambaye ni makon jiya ko in rubuta wasiƙar neman dubawa tun yanzu don a rage jira. Na ce masa a bari sai an sami malamin, yara sun yi zango biyu suna riƙe ƙarfen dalma, fayil ɗinsu ya yi kauri. Ya ce to, a bari.